Wurin riƙo a bayan mashin

Shekarun baya, lokacin ina aji biyu a makarantar gaba da sakandare a Birnin Kebbi, mahaifina ya sayar da shinkafar rani, ya kira ni zaure ya ce in nemi mashin. Daga Ambursa nake zuwa karatu kullum, kuma ya gaji da ganina bakin titi ina ɗaga wa motoci hannu kamar mai neman gafara. Amma ya haɗa da sharaɗi. Kakata, wadda ta haifi mahaifiyata, tana kwance a wani ƙauye gaba da Argungu, kusa da gulbi, ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Duk Asabar mahaifiyata kan shirya mata fura da 'yar miya ta fita neman mota, sau da yawa kuma motocin su zo a cike, ta dawo gida da kwanonta.

"Sauran ranaku naka ne," in ji mahaifina. "Asabar kuwa mashin na uwarka ne."

Ni mutum ne da ko biro zan saya sai na gwada shi a takarda uku. To ka ga an ba ni aikin sayen mashin. Na shiga karance-karance a waya, na koyi sunayen sassan inji da har yau ban taɓa ganinsu da ido ba. Na riƙa tsayawa rumfar bakanike ina sauraro, ba na tambaya, don kunya ba ta barina. A ƙarshe zaɓi ya rage biyu.

Na farko sabo ne dal a kwali, mai araha, na wani kamfani da ba wanda ya san sunansa a garinmu. Duk wanda na faɗa wa sai ya ce in maimaita. Siririn abu ne, da doguwar kujera shimfiɗaɗɗiya da kariya ta ƙarfe ta ɗora kaya a baya, ba shi da wani kwarjini.

Na biyu abokina ne ya kawo maganarsa. Yayansa da ke unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi yana da wani babban mashin na hannu, irin na masu doguwar tafiya: baƙi, mai faɗin tanki, hannuwansa a buɗe, mai tuƙi ya zauna ƙasa-ƙasa ya miƙe ƙafa kamar yana kan kujerar falo. In an tayar da shi ƙararsa a ƙirji ake jinta. Abokina mai surutu ne, shi yake yi mini magana a wuraren da bakina ke mutuwa, kuma ya riga ya yanke hukunci.

"Malam, wanga shi ne mashin. Wancan na kwali, in ka wuce ramin farko sai ka koma tsintar kusoshi. Kai da ba ka magana, bari mashin shi yi maka."

Maganarsa ta ƙarshe ta shige ni fiye da yadda na nuna. Na yi lissafina na mai da kayan gyara, na ga babban ya fi ci, sai na sake lissafin ta wata hanya har ya fito daidai da abin da raina ke so. Yayan abokina mutumin kirki ne. Ya ce in tafi da shi gida ranar Juma'a manya su gani, in ya yi mini, mu ƙulla ciniki.

Na shigo Ambursa bayan la'asar, mutane na leƙowa daga shaguna. Ban taɓa jin daɗin a kalle ni ba sai ranar. Mahaifina ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa tanki, ya ce, "Wanga ai doki ne." Bai ce a'a ba.

A nan ya kamata in faɗi wani abu game da gidanmu. Ni ne ɗan fari, mahaifiyata kuma ta tashi a gidan da ake riƙe kunyar ɗan fari da gaske. Ba ta kiran sunana. Ba ta zama mu yi hira ido da ido. In tana son in ci abinci sai ta ce wa ƙanwata, "A ce wa wancan tuwo na hucewa," alhali ina zaune a tsakar gidan. Ban taɓa ɗaukar wannan rashin so ba, haka na buɗe ido na gani.

Da safiyar Asabar ta fito da mayafinta da kwanonta a ɗaure. Ta tsaya bayan mashin ta daɗe tana dubawa. Kujerar baya 'yar ƙarama ce, a ɗage, ta gangaro gaba, yadda duk wanda ya hau dole ƙirjinsa ya kwanta a bayan mai tuƙi. Ta kai hannu baya inda kariya ke zama a sauran mashina, hannunta ya sauka a kan fitila. Ta janye shi. Sai ta juya wajen mahaifina, da murya ƙasa-ƙasa.

"Ya yi kyau, Allah shi sa albarka. A bar mishi abinai. Ni na saba da mota."

Ta ɗauki kwanonta ta nufi titi.

Na tsaya da makulli a hannu ban gane ba. Mahaifina ya dube ni, ya ɗan yi murmushi. "Duk karatun da ka yi, ba su rubuta maka inda uwa ke riƙewa ba? Zaman gefe take yi, ta kama ƙarfen baya. Wanga kuwa sai an rungume ka. Kana ganin za ta yi?"

Ranar ma ba ta samu mota ba. Wajen azahar ta dawo, ta juye furar a kwanon sha ta ba yara.

Mayar da mashin ya fi mini komai wuya. Abokina ya ce a kai wa mai walda ya ɗora kariya. Na ce ko an ɗora, kujerar za ta turo ta gaba da an taka birki. Ya ce to ta riƙe ni mana, ba ɗanta ba ne? Na rasa yadda zan yi masa bayani a gaban mutane. Yayansa ne ya cece ni. Ya karɓi makulli ya ce, "Ɗan fari ne kai? Awo, to shi ke nan. Tahi ka sayi wanda tsohuwa ka iya hawa."

Na sayi na kwalin. Ba zan yabe shi fiye da ƙima ba. Kafin damina ta fita robar gefe ta tsage, fitilar gaba tana haskawa ne in ta ga dama, kusoshi kuwa abokina bai yi ƙarya ba, sai da na koyi yawo da sifana a aljihu. Bakanike yakan yi masa dabara da kayan wasu mashinan. Abokina ya sa masa suna "Wa-ya-san-ka", sunan kuma ya bi shi har makaranta.

Amma duk Asabar mahaifiyata na hawa. Ta zauna a gefe, kwano a cinya, hannu ɗaya a kariya, tsakanina da ita akwai tazarar da iska ke wucewa. Tafiyar farko shiru muka yi har Argungu. A wata tafiyar, muna wuce fadama, sai na ji murya a bayana: "Nan gonar kakanka take, kafin ruwa ya cinye ta." Na ɗauka da wani take. Babu kowa sai ni.

Daga nan abin ya buɗe. Tunda ba ta ganin fuskata, ni ma ba na ganin tata, sai ta riƙa magana. Ta ba ni labarin yadda take bin mahaifinta kamun kifi a kwalekwale tana yarinya, da yadda ta yi kuka ranar da aka kawo ta Ambursa, da ciwon da na yi ina jariri har aka fitar da rai. Ni nawa "to" ne da "ikon Allah", ina rage gudu don kada mu isa da wuri. Da mun sauka ƙofar gidan kakata sai ta gyara mayafi, in koma "wancan". A haka muka yi ta zuwa har Allah ya karɓi ran kakata, kuma mahaifiyata na kusa da ita ranar.

Har yau in babban mashin ya wuce ni da wannan ƙarar tasa sai na bi shi da kallo, ba zan ɓoye ba. Abin da nake yawan tunani shi ne, na auna komai a cinikin nan ban da wadda aka sayi abin dominta. Ita kuma ba za ta taɓa faɗa ba. Da na riƙe babban, da ta sa mini albarka da zuciya ɗaya, ta ci gaba da tsayuwa bakin titi.

Yanzu ina aiki, ina da 'yar tsohuwar mota. Ranar da na fara ɗaukarta a ciki ta zauna a baya ta yi shiru tun daga gida har cikin Birnin Kebbi. Sai a hanyar dawowa na lura idanunmu na haɗuwa a madubin tsakiya. Na kai hannu na karkatar da shi sama. Ba mu yi nisa ba na ji ta gyara zama, ta ce, "Shekaranjiya na yi mafarkin kakarka."