Lambar Yabon Ɗan Farin Inna

Yayana shi ne ɗan farin Inna, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" take ce masa, ko ido ba ta haɗawa da shi, wai alkunya. Ni kuwa auta ce, bakina ba linzami, abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Kyaftin ne a sojan ƙasa. Lokacin da aka yi musu kwanton ɓauna a arewa maso gabas, shi ya koma cikin ruwan harsashi ya janyo yaransa da suka jikkata, har aka same shi a cinya. Raunin nan mun ɓoye wa Inna. Da ya warke aka ba shi lambar yabo, ya biyo ta gidana a Gwarzo muka hau mota zuwa Dugabau wurin Inna. A hanya ya kasa sukuni, sai buɗe ɗan akwatin lambar yake yana rufewa. Na gane so yake Inna ta duba ko sau ɗaya, domin washegari zai koma daji.

Gida ya cika. Dagaci ya zo, baffanni suka yi ta juya lambar ana sa albarka. Inna tana bakin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Yayana ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ya ajiye akwatin a gefen tabarmarta. Ta amsa tana kallon ƙwarya, ta ce a kai wa gwaggonsa da ta goye shi ta gani.

Raina ya ɓaci. Na shiga ɗaki na fito, na zauna na tashi, na rasa inda zan sa kaina. Shi kuwa ya yi murmushin yaƙe, ya bar mata akwatin.

Da safe na raka shi bakin titi, na bar shi a mota ana jiran ta cika. Ina dawowa na tarar da ita a bayan ƙyauren zaure, akwatin a hannunta. Na buɗe baki zan sauke mata abin da ke cina, ta riga ni.

"Ƙafar hagu yake ja," in ji ta. "Kun zaci ban gani ba?"

Ta danƙa mini akwatin.

"Bi shi. Ki ce ya mayar musu da ƙarfensu, su bar mini ɗana."

Na fita da gudu ko takalmi ban gyara ba. Kafin in isa titi motar ta sha kwana.