Ranar Da Na Manta Babur a Kasuwar Jahun

Shekarun baya, ba a daɗe da ba mu jiha ba, ina aikin ofis a Dutse, na hau babur ɗina na tafi kasuwar Jahun sayen gero. Na gama, na shiga motar haya na dawo gida abina. Sai da maiɗakina ta tambaye ni ina babur sannan na yi tsaye da buhu a ka.

Ita dariya take yi, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Gigin tsufa gado ne a gidanmu. Kakana ya yi, mahaifina ma ya yi. Malamin da ya haddace Alƙur'ani, sai ga shi yana tambayata ɗan gidan wa ne ni. Na ce shi ke nan, nawa ya zo da wuri.

Washegari na tarar da babur a inda na bar shi, na zarce asibiti. Likita ya auna ni, ya ce hawan jini ne da ƙarancin barci. Ya ce gado ba a hannuna yake ba, amma tafiyar ƙasa, rage gishiri, karatu da shiga mutane duk suna hannuna. Na fito ina ƙunƙuni, ni da na zo neman allura.

A garinmu Miga na kai wa mahaifiyata kuka. Sai ta ce, "Kai da yayyenka kuka karɓe wa Malam fartanya, kuka raba wa ƙannensa darasin da yake bayarwa, wai ya huta. Ciwo na Allah ne, ban ce ku kuka jawo ba. Amma daga ranar ya zauna a zaure ya yi shiru."

Maganar ta yi min zafi, don mu a ganinmu girmama shi muka yi.

Na koma zuwa ofis da ƙafa, ana ta yi min tsiya wai talauci ya kama ni. Ni da abokina muka riƙa tilawar izu guda bayan asuba. Na rage gishiri, na koma noman gonar gidanmu.

Ban ce na tsira ba, wannan sanin Allah ne. Amma na wuce shekarun da mahaifina ya manta sunana, kuma ina jin sanyi a raina sosai.

Bana 'ya'yana suka haɗa baki, wai Baba ya huta da noma. Na yi musu godiya, na ɗauke fartanyata na ɓoye. Alhamdulillahi, har yau na san inda na ajiye ta.