Buhu Takwas a Kujerar Direba

Ina ajin ƙarshe na sakandare idon Baba ya fara mutuwa, kuma daga ni sai Inna muka sani. Yana ganin mutum, yana ganin mota, amma 'yan layukan jikin rula sun ɓace masa. Shi kuwa sana'arsa saita tayoyin mota, abin da Larabawa ke kira mizan. Garejin yana unguwar Waziriyya a Jidda, na wani Balarabe ne, kuma shi ne kafilin Baba, a hannunsa iƙamarmu, takardar izinin zama, take mu duka uku. Ranar da ya gane Baba ba ya gani, aiki ya tafi, takarda ta bi shi.

Sai muka yi dabara. Da an yi azahar ake sauke ƙofar gareji, 'yan ƙasar Yaman biyu da ke aiki tare da shi su tafi barcinsu sai la'asar. A lokacin nake shigowa ta baya da kwanon abinci, in tattare abaya in ɗaure a ƙugu, in durƙusa in karanta masa rula. Yana kwance a ƙasa da sifana, ina faɗa masa lamba. Na tsani aikin. Ga zafi, ga warin baƙin mai, ga Baba da ba ya yarda da awo ɗaya sai an maimaita sau uku.

Ba shi da na'ura. Zaren kamun kifi yake ɗaurewa ya kewaye motar, ya rataya noti a wani zaren don ganin karkatar taya. Saboda haka ma masu motar tsere suke nemansa, wai hannunsa ya fi kwamfuta.

Wata Talata na shigo na tarar da mota mai ruwan toka, kujera biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Baba ya ce mai ita saurayi ne, marar yawan magana, zai shiga filin tsere da ita ranar Juma'a da yamma. So yake a kwantar masa da tayoyin gaba ciki daga sama, kamar mai gwame, yadda in ya sha kwana da gudu tayar za ta zauna daram a kwalta. Kamba ke nan. In gefe ɗaya ya fi ɗaya kwanciya, motar za ta fizge shi a daidai inda ba a so.

Baba yana da doka: ba a auna mota babu kowa a ciki. Yakan tambayi mai ita nauyinsa, ya aro buhunan shinkafa masu kilo goma-goma a shagon wani ɗan Nijar maƙwabcinmu, ya jera su a kujerar direba. Wannan saurayin kilo tamanin ne. Buhu takwas suna jingine da bango, ni kuma ban ga dalilin da zan karya bayana da wuri ba. Na ce bari in fara auna tsayin motar daga ƙasa tukuna.

Hagu, wajen direba, na faɗa masa lamba. Na zagaya dama na faɗa masa.

"Sake," in ji shi.

"Baba, na karanta daidai."

"Uwata, sake."

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. Na sake. Gefen dama ya fi na hagu sauka da milimita bakwai, gaba da baya.

"Me kika ɗora a kujerar can?"

"Ni? Ban ɗora komai ba. Ko shinkafarka ban taɓa ba."

Ya laluba ya buɗe ƙofar, ya shafa kujerar da tafin hannu, ya shafa ƙasanta, ya buɗe but. Babu ko tsinke. Muka duba iskar taya, daidai. Ya ce to ƙasan garejin ne ya lotsa, mu juya motar ta kalli ɗaya bangon.

Ni na shiga na riƙe sitiyari, shi yana turawa. Zama na farko ke nan da na yi a cikinta. Motar a rufe take tun safe cikin zafin Jidda, fatar kujerata tana ƙona ni ta cikin abaya, amma hannuna na dama, wanda ke kusa da ɗaya kujerar, sanyi yake ji. Ba sanyin iska ba ne, irin wanda ake ji ne in an tsaya kusa da randa. Fatar kujerar ta loɓa a tsakiya, ta ɗan tattare a gefe, kamar yadda take yi in da mutum a kai. Ban waiwaya na kalle ta sosai ba. Na kafa ido a kan gilashi har Baba ya ce halas, wato ya isa, na fito da sauri har na buge kai.

Muka auna. Dama dai, milimita bakwai.

Laraba ya ce sifirin ne ya gaji. Muka kwance na dama muka kai hagu, na hagu muka kai dama, aikin da ya cinye mana azahar ɗin duka, abinci ya huce a kwano. In sifirin ne, ai saukar za ta bi shi ta koma hagu. Muka sauke motar daga jak, ya danna ta ya saki, ya sake dannawa, ya ce in karanta.

Ban so in faɗa ba.

"Yi magana mana."

"Tana nan a dama."

Ya daɗe a tsugune. Can ya ce, "Kwaso shinkafar."

Na kwaso, buhu ɗaya bayan ɗaya, ina tsaki. Na jera takwas a kujerar direba, ban yarda hannuna ya tsallaka tsakiya ba. Na durƙusa na auna hagu, na auna dama. Lamba ɗaya. Gaba da baya, ko gashi bai raba su ba. Motar ta zauna daidai, kamar yadda mota take zama in mutum biyu masu nauyi ɗaya suna ciki.

Raina ya yi sanyi, ba zan ɓoye ba. Na ce, "To shi ke nan ai. In ya shiga ta daidaita. Ka saita kamban ka ɗaure noti mu huta."

"A'a."

"Me kuma kake so? Ga ta nan a mizani!"

Ya juyo da fuskarsa wajen da muryata take, ya ce, "In na saita ta da nauyin mutum biyu, wanda ke zaune can ya tashi a tsakiyar kwana fa?"

Haushi ya kama ni. Na ce masa babu kowa a can. Na ce ƙila ƙarfen motar ne ya lanƙwashe ta inda hannunsa bai kai ba. Ya ce ƙila. Na ce in ya kuskura ya faɗa wa mai motar, cewa za a yi ya nuna a rula, kuma ya san abin da zai biyo baya. Na tuna masa da Inna, da ni da ban san kowace ƙasa ba sai wannan. Ya ce ya sani. Ya ce in tafi gida, 'yan Yaman sun kusa tashi.

Ranar Alhamis ban tafi ba. Da na ji ana ɗaga ƙofa bayan la'asar, na shige ɗakin da ake tara tsoffin tayoyi, ina leƙe ta kafar ƙyaure. Mai motar ya zo tare da kafili. Siriri ne, da farar jallabiya, idonsa kamar wanda ya kwana biyu bai yi barci ba. Baba ya yi masa bayani da Larabcinsa mai gargada, tun daga iskar taya har shinkafa.

Kafili ya fashe da dariya. "Ya Hajji, aljani ka samo mana a Waziriyya? Yalla, nuna mana." Ya ɗauki rula ya miƙa masa.

Baba ya karɓa. Ya durƙusa a gefen taya, ya kafa ta a ƙasa, ya kawo fuskarsa kusa har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfe. Ina ji kamar in fito in fizge shi. Ya daɗe a haka. Dariyar kafili ta tsaya.

"Uwata," in ji Baba da Hausa, bai ɗaga kai ba. "Fito ki karanta musu."

Na fito. Ban kalli kowa ba. Na karanta hagu, na karanta dama, da ƙarfi, da Larabci. Saurayin ya karɓi rular ya durƙusa da farar jallabiyarsa a cikin baƙin mai, ya auna da kansa. Da ya miƙe bai yi mamaki ba. Kujerar yake kallo ta gilashi.

"Saita ta a haka, ya ammi," in ji shi, wato baffa.

"Ba zan ɗaure noti ba," in ji Baba, "sai ka ce min zai zauna har ƙarshe."

"Shekara biyu ke nan bai sauka ba."

Bai ce wane ne ba, ba mu tambaya ba. Baba ya kwanta ƙarƙashin motar, ni ina faɗa masa lamba a gaban kowa, har kamban ya zauna daidai a tayoyin biyu. Muka kwashe shinkafa. Saurayin ya shiga, ya ce wani abu a hankali yana kallon damansa, ya tayar ya fita. Ban sake ganinsa ba, ban kuma ji labarin abin da ya faru ranar Juma'a ba.

Kafili bai yi faɗa ba. Ranar Asabar ya karɓi makullin gareji, ya ce in iƙamar ta ƙare ba zai sabunta ba. Saura wata huɗu a lokacin. Baba ya zagaya gareji-gareji, ba wanda ya ɗauke shi, labari ya riga shi isa.

Na yi sati biyu ban yi masa magana ba. Ranar da muka je kasuwar Bab Makka sayen akwatunan tafiya, ina gaba yana baya, na juyo na tambaye shi ko yanzu hankalinsa ya kwanta. Ya tsaya a tsakiyar mutane ya miƙo min hannu.

"Riƙe ni, uwata. Kamar akwai matakala a nan."