Kilishin Alhaji a Gindin Tsauni

Shekarun da na yi a ƙasar waje, a garin Greensboro, ina karatun hasashen yanayi, babu abin da ya fi ƙona mini rai kamar tambayar nan: "Malam, gobe za a yi ruwa?" A masallaci a tambaye ni, a wajen suna a tambaye ni. Na gaji da bayanin cewa ni ba ɗan duba ba ne. Aikina shi ne in zauna gaban komfuta in sa ta lissafa ruwan da zai sauka a kan tsaunukan da ke yamma da mu, kuma yawanci ƙarya take sharara mini.

Ba laifinta ba ne. Lissafin yana yanka ƙasa ne gida-gida kamar na dara, kowane gida ya isa ya haɗiye gari guda. Tsauni da kwarin da ke gefensa duk sai a dame su wuri ɗaya, su koma tudu mai sulɓi. Alhali iska mai laima idan ta hau gangare, nan take zubar da ruwanta, wannan gefe ya jiƙe sharkaf, wancan gefe ko ɗigo babu. Komfutar ba ta ganin wannan bambanci, sai dai ta yi kirdado.

Akwai wani Alhaji mutumin Damagaram, maƙwabcina a unguwar Glenwood, direban tasi. Gidansu gidan masu kilishi ne tun kakanni. 'Yarsa ta fari, wadda aka haifa a Greensboro, za ta yi aure cikin bazara, shi kuma ya rantse sai ta ci kilishin hannunsa kafin ta bar gidansa, don ba ta taɓa ɗanɗana na gaskiya ba. Ya samu wani manomi a gindin tsauni da ya yarda ya sayar masa da sa, a yanka a gonarsa, a yi shanya a fili. A cikin gari, in ji shi, maƙwabta za su kira hukuma.

Ya tare ni bayan sallar Juma'a. "Malam, kai ne meteo ɗinmu, masanin yanayi. Asabar mai zuwa akwai rana?"

Na ce masa da safe akwai, amma bayan azahar kusan rabi da rabi ne, kuma a tsauni ban yarda da lissafin sosai ba. Na roƙe shi ya nemi rumfa ko tamfol.

"To, alhamdu lillahi, rabi babu ke nan," in ji shi. "Kilishi ba ya son inuwa. Ai hadari ba ɓarawo ba ne, za mu gan shi mu kwashe."

Na ce, "Alhaji, ruwan ƙasar nan ta yamma yake zuwa, ta bayan dutse."

Ya yi dariya har da dafa kafaɗata. Ya ce shi da ya yi furfura bai taɓa ganin hadarin kirki ya taso daga yamma ba, boko ne ya ruɗa ni. Na haɗiye takaicina, don ba a jayayya da dattijo a ƙofar masallaci.

Ranar Asabar na bi su, shi da ƙaninsa. Gaskiya hannun Alhaji abin kallo ne. Yana jan wuƙa, nama na buɗewa siriri har kana hango hasken rana ta cikinsa. Kafin hantsi ya yi nisa mun shimfiɗe shi kaf a kan ragar waya, labu kuma, haɗin gyaɗa da yaji da ake shafa wa kilishi, na jiƙe a roba yana jiran naman ya sha iska. Tsaunin na tsaye a bayanmu ta yamma, ya tokare rabin sama. Alhaji ya ɗauki kujera ya kafa ta tana fuskantar gabas, inda sama ke tas, ya zauna gadi.

Bayan azahar na ga gajimare na taruwa a kan ƙoƙuwar tsaunin. Na ce, "Alhaji, juyo ka gani." Ya waiga, ya ce wannan ai wucewa ya riga ya yi, hadarin da ya kai yamma ya gama aikinsa. Na sake magana, ya yi kunnen uwar shegu da ni. Na kai hannu zan fara kwasa, ya daka mini tsawa kada in ɓata masa shanya. Wallahi a lokacin ji na yi kamar in ɗauke shi da kujerar in juya shi.

Babu iskar gargaɗi irin ta gida. Tsawa ɗaya aka yi, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Muka yi ta gudu da nama a hannu, a riga, a hula, muna cusawa cikin mota. Abin da muka tsira da shi bai kai rabi ba, shi ma ya jiƙe. Sauran ya faɗi cikin taɓo.

Matarsa Hajiya ce ta busar da ragowar a cikin oben ɗin girkinta, ta shafa labu, ta gasa. Ranar walima aka kawo wa amarya a faranti. Ina tsaye kusa da Alhaji lokacin da ta gutsira, ta tauna, fuskarta ta washe. Ta ce masa da Turanci, da zuciya ɗaya, "Baba, ya yi daɗi sosai! Kamar busasshen naman leda da ake sayarwa a shagon gidan mai."

Alhaji ya ce, "Madalla, 'yata." Ya miƙo mini nasa kason bai taɓa ba, ya fita waje.