Kututture Ɗaya a Gidanmu

Makarantar ƙauyenmu, can bayan Kontagora ta hanyar Mashegu, ba gwamnati ce ta gina ta ba. Iyayenmu ne suka kafa rumfar kara, kowane gida ya kawo kututturen da ɗansa zai zauna. Babanmu ɗaya ya kawo, don haka a lissafinsa gurbin gidanmu ɗaya ne. Mu kuwa biyu ne, ni da ƙanena. Sai aka raba mana: yau ni a makaranta, shi a gona yana korar tsuntsaye daga dawa, gobe mu yi musaya. Duk gidajen haka suka yi.

Malamarmu, wata 'yar Kontagora da ke zuwa a babur, ta sha wuya. Ta koyar jiya, yau ta tambaya, aji ya zuba mata ido kamar ta yi wani yare. Mu ma ba mu tsira ba. Na bar su ana tarawa, na dawo na tarar ana ɗebewa, na rasa inda aka kwana, har na ɗauka malamar ce ba ta da tsayayyar magana. Ƙanena kam bai damu ba, rabin karatun ma ya ishe shi ya gane komai. Wallahi haushinsa nake ji.

Da ta gane abin da ake ciki, sai ta zo gidanmu.

"Baba, karatu ba ya yiwuwa da karɓa-karɓa. Kullum su zo."

"To Malama, dawar fa? Ke za ki tsare mana?"

Ita nufinta a ƙara kututture. Shi kuwa abin da ya ji shi ne a tsayar da mutum ɗaya. Na riga na sallama, don kowa ya san wanda ya fi kai. Baba ya dube mu ya ce ni zan tafi makaranta, wai muryata ko kaza ba ta kora.

Har yau ban san ko murna ta kamace ni ba. Washegari ina zaune a rumfa, malama na magana ban fahimci ko ɗaya ba, saboda gonarmu ba nisa. Ina jiyo ƙanena yana yi wa tsuntsaye ihu, kuma ba "kai! kai!" yake cewa ba. Biyu sau biyu yake rerawa, iya inda aka tsaya masa, sai ya sake komawa farko.