Bos ɗin da ya miƙo mini hannu

Ranar kasuwar Rano ce, a kakar shekarar da nake aji biyar na firamare, an gama yankan gero ana jiran dawa ta bushe. Ni da yayana Basiru muka biyo motar gyaɗa daga ƙauyenmu na ƙasar Kibiya, an aike mu sayar da kaji mu sayo wa Inna kanwa da daddawa. Kafin azahar mun gama aiken, amma maimakon mu nufi tasha sai Basiru ya ja ni wani lungu a bayan 'yan tireda, inda wani mutum da ake ce wa Oga Sale yake da shagon gem, wato wasan da ake yi a talabijin ta hanyar danna maɓallai. Ɗaki ne ɗaya mai rufin kwano, janareta na ta kuka a bayansa, talabijin a kan tebur, yara kuwa maƙil har bakin ƙofa, ga warin zufa ga warin fetur. Basiru ne ya koya mini wasan, amma yatsuna sun fi nasa sauri, abin da har yau bai yarda da shi ba.

Rubutun da ke fitowa a gem ɗin ba wanda ya iya karanta shi, har da Oga Sale mai yi mana burga da Turanci. Saboda haka mu muke ƙirƙirar labarin da kanmu. Mun dai san akwai akta, wato jarumin da kake juyawa, saurayi mai takobi. Akwai kuma bos, mugun ƙarshe, wani ƙato cikin sulken baƙin ƙarfe da hular ƙarfe da ta rufe fuskarsa, yana tsaye a bakin wata ƙofa a kan dutse. An daɗe a shagon nan ba wanda ya ci shi. A ranar sai ga ni a gabansa. Ban san yadda na yi ba, na dai tuna gumi yana shiga idona, yara suna dukan bayana, har na ga jan layin da ke nuna sauran ran bos ɗin ya kusa ƙarewa. Sai ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya. Hular ta faɗi ta gangara. Ashe tsoho ne, mai sanƙo da farin gemu, kafaɗunsa suna hawa da sauka don haki. Ya ajiye makaminsa, ya ɗago kai, ya miƙo mini hannu, tafinsa a buɗe.

To ni ɗan ɗan kokawa ne. Babanmu, Malam Haladu, shi ne wanda makaɗa suke kira Kututture, don a zamaninsa ba a taɓa tumɓuke shi daga ƙasa ba. A gidanmu tun kafin yaro ya iya riƙe fartanya ya san dokar fage: da zarar gwiwar mutum ko hannunsa ya taɓa ƙasa, wasa ya ƙare, kuma wanda ya yi kaye shi zai kama hannun wanda ya faɗi ya tashe shi, ya kaɗe masa ƙasar baya. “Kaye na Allah ne,” in ji Baba, “amma tayarwa taka ce.” Ko mu yara, in muna kokawarmu a rairayin rafi, wanda ya ka da ɗan'uwansa ya juya ya tafi sai ya sha ranƙwashi. Saboda haka da tsohon nan ya miƙo hannu, ni a wurina magana ta ƙare. Na shiga neman maɓallin da zai tashe shi. Na danna na farko, sai akta ya kafta masa sara. Na ce kuskure ne, na danna na biyu, ya sake saransa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne duka ne. Yara suna ihu, “Ƙarasa shi! Ƙarasa shi!” Tsohon ya kife, ya zama toka, kiɗan murna ya tashi. Aka ɗaga ni sama ana juyi da ni, ni kuwa idona na kan inda tsohon ya kife.

A mota na gaya wa Basiru abin da nake nema. Ya yi dariya har da riƙe ciki. “Kai, bos ne fa! Hoto ne, ba mutum ba. Ka taɓa ganin inda aka ta da bos?”

Na san hoto ne, ban haukace ba. Amma sanin bai hana tsohon nan biyo ni gida ba. Aikina a lokacin korar tsuntsaye ne daga dawa. Da an tashi daga makaranta sai in hau rumfar kara da aka ɗaura a tsakiyar gona, da majajjawata da igiyar gwangwanaye, in wuni ina hargowa. Wurin shiru ne in ban da kukan kurciya da ƙararrawar shanun Fulanin da ke bin gefen dutse, kuma a shirun nan yake zuwar mini. Sai in ga sanƙon a jikin wani farin dutse, in ga gemun a zangarniyar dawa. Ba tsoronsa nake ji ba, tausayinsa ne yake cin raina. Me yake tsaro a ƙofar nan? Wa ke bayanta? Ko akwai wadda ta rufe masa tuwo da faifai tana jiran ya dawo? Ina cikin wannan tunani tsuntsaye suka yi wa gefen gonar ɓarna, Inna ta ce ko aljanun dutse ne suka shafe ni, har ta sa aka yi mini rubutun sha.

Ana cikin haka aka yi shelar kokawar ƙarshen kaka a wani fili tsakaninmu da garin Rurum, aka kuma ce Kututture zai shiga. Baba a lokacin gemunsa ya fara furfura. Kullum da safe ina ganinsa a bayan rumbu yana shafa wa gwiwarsa man kaɗanya yana cije leɓe, in ya ji motsi ya saki ƙafar wandon ta rufe ta. Inna ta roƙe shi, ta ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba yakan koma baya, ya bar wa yara fagen tun da girmansa. Ya ce ta ƙarshe ce. Ni ba faɗuwarsa nake tsoro ba. Abin da nake tsoro shi ne ya faɗi a rasa mai tashinsa. Ranar da na kasa daurewa na same shi yana tufkar igiya a zaure, na kwashe labarin gem na gaya masa. Bai yi dariya ba. Ya ce, “Wanda ya ƙera abin nan bai taɓa faɗuwa a gaban jama'a ba. Mu nan ba haka muke yi ba, kwantar da hankalinka.”

Ranar kokawa bayan la'asar fili ya cika, ganguna na tashi, masu rake da ƙuli-ƙuli suna kewayawa. Na kutsa ta tsakanin ƙafafun manya na faɗa cikin mutanen wani gari da ba su san ni ba, a nan kuwa na ji abin da ban taɓa ji ba. Wani ya ce yau Allah zai kawo ƙarshen mugun nan. Wani ya ce shi ya karya wa ƙanen babansa ƙugu, har yau da sanda yake tafiya. Wata mai fura ta ce da sunansa take tsorata jikokinta. Na waiga ina neman mugun, sai na ga Babana suke nunawa, mutumin da ke cire mana ƙaya da allura yana hura wurin don kada mu yi kuka. Ya fito da warkinsa da layunsa, ƙato, baƙi, fuska a murtuke. Abokin karonsa saurayi ne ɗan wajen Rurum, Mamuda, siriri mai farar fuska, kuma kusan duk filin nasa ne.

Ba a daɗe ba. Suka kama, suka saki, suka sake kamawa, Mamuda ya shiga ta ɓangaren gwiwar nan ya ɗaga. Baba ya zo ƙasa a zaune, ƙura ta tashi. Ihun da ya biyo baya na san shi, shi ne na shagon Oga Sale, sai dai wannan na manya ne. Baba ya yi abin da ya koya mana, ya ɗago kai ya miƙa hannu. Na ga Mamuda ya yi taku ɗaya wajensa, ko dai idona ne ya so ya ga hakan, har yau ban tabbata ba. Kafin ya iso mutanensa sun yi masa caa, sun ɗora shi a kafaɗa, makaɗa suka juya suka bi su. Hannun Baba ya tsaya a sama, mutane suna wucewa ta gefensa. Na ruga na kama shi da hannu biyu na ja iya ƙarfina, amma ina, kamar mai jan turmi a cikin laka. Ya dube ni kamar bai gane ni ba, ya zare hannunsa a hankali, ya dafa ƙasa ya tashi da kansa. Har muka isa gida ƙasar tana bayansa, ba wanda ya yi ƙarfin halin kaɗe masa.

Yau filin nan an yanka shi filaye an yi gine-gine, ganguna sun yi shiru, shagon Oga Sale ya koma wurin cajin waya. 'Ya'yana suna kwance a kan kujera suna kashe bos a waya suna cin gyaɗa, kuma ba na hana su, ina dai barin ɗakin in na ji kiɗan nasara. Baba ya yi tsawon rai bayan ranar, ya ga jikoki, gwiwar ta ƙarasa cinye shi har sallah ta koma a zaune. A shekarunsa na ƙarshe ni nake jinyarsa, ƙarfina ya kawo, zan iya ɗaukarsa cak kamar yaro. In zai tashi daga tabarma sai in tsaya a kansa in miƙa hannu, shi kuma ya kawar da kai, ya ja jiki zuwa bango, ya dafa, ya yi ta fama har ya miƙe. Haka muka yi har Allah ya karɓi abinsa. Ƙarfin ya zo mini, amma bai sake ba ni hannun ba.