Hudar da Ba Ka Ƙarasa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, sha biyu ga watan Yuli, ƙaninka ya tsaya a ƙofar gidana, ya kasa haɗa ido da ni, ya ce rai ya yi halinsa. Aminina mai gilashi, wanda duk layin masu sana'a ke kira Kar-ka-danna, ashe rawar hannun da muka ɗauka gajiya ce, sallama ce.

Laƙabin nan ba a banza ka same shi ba. Kakan ce injin huda ba a danna shi a kan gilashi, nauyinsa ya ishe shi. A bar shi ya ci a hankali, ana ɗiga masa ruwa don kada zafi ya tsaga wurin. Haka ka zauna da mutane. Akwatin kifin da ke ɗakin jinyar yara na asibitin garinmu kai ka haɗa shi, kai kake wanke shi, ba wanda ya sa ka, ba wanda ka gaya wa.

Da na rasa uwar 'ya'yana, kowa ya zo mini da nasiha. Kai kuwa ka zo da fallayen gilashi da gam, ka durƙusa a falona ka haɗa akwati, ka zuba tsakuwa da ruwa, ka saki ƙananan kifaye. Ka ce, "Sha'iri, ga masu sauraron baitukanka. Waɗannan ba su da ƙafar gudu." Ranar na fara dariya bayan dogon makoki.

Shekaru suka tura. Ciyawar ruwa ta kafa saiwa, kifayen suka tsufa tare da ni. Da ruwan ya fara gurɓacewa, ka ce sai an huda gilashin daga sama, rarar ruwa ta riƙa gangarawa cikin matacin da za ka sa a ƙasa. Kwashe kifayen kuwa ba zai yiwu ba, domin tsohon kifi ba ya jure ƙaura. Sai ka rage ruwan zuwa rabi, ka zana da'ira, ka kafa injin, kifayen na kai-komo a ƙarƙashin hannunka kamar sun san mai shi. Hudar ta kai tsakiyar kaurin gilashin, sai na ga ka ɗaga injin kana duban yatsunka. Ka ce gilashi ba ya yafe wa hannu mai rawa. Ka naɗe kayanka, ka juyo daga bakin ƙofa: "Kada ka ƙara ruwa sai na dawo."

Daga gidana sai gadon asibiti.

Na kira abokan sana'arka. Kowa ya shafa da'irar da ɗan yatsa, ya girgiza kai, ya ce ba a shiga hudar wani, kowane hannu da karkatarsa. In an ƙarasa, gilashin na iya tsagewa. In an cika ruwa, wurin ya riga ya yi rauni. In an kwashe kifayen, sun tafi ke nan. Ruwan kullum ƙara duhu yake, babban kifin cikinsu ya daina tasowa cin abinci. Ina zaune ina kallon abin da ka tsamo ni da shi yana mutuwa a hankali, ba ni da dabara.

Kai ke yi wa ruwa ƙofar fita,
Wa zai yi wa zuciyata tata?
Ta cika fal, ba inda za ta,
Mai hudar ya tafi ya bar ta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, wadda ta binne ɗan da take sa ran shi zai binne ta, da maiɗakinka, da 'ya'yanka, da ƙaninka da ya gaji shago bai gaji hannun ba. Allah Ya ba su haƙurin da ni na kasa samu. Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe kurakuranka, Ya yalwata makwancinka, Ya yi maka hisabi mai sauƙi kamar yadda ka sauƙaƙa wa bayinSa, Ya shayar da kai daga tafkin da ba ya gurɓacewa. Amin.

Na san ba za ka dawo ba, aminina. Amma har yau ban ƙara ruwan ba.